Ɗigo Goma Sha Shida

'Yan'uwa ɗalibai, editan wannan mujalla tamu ya daɗe yana damuna da saƙo, wai tun da na bar ku na ƙetare ƙasa neman ƙarin ilmi ban aiko wa Ƙungiya ko da layi ɗaya ba. Ya ce in ba na iya waƙa, to in rubuto abin da nake karantawa, da Hausa, a ga ko harshen zai ɗauka. To, ga shi nan. Sai dai ku yi mini haƙuri, kafin mu kai rijiyoyin mai na ƙasashen Larabawa sai mun bi ta tsakar gidanmu.

Mahaifiyata sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun ina ƙarami ni ne ɗan aiken kai niƙa. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san yadda gyaɗa take dawowa daga inji, kirtif kamar kunu mai kauri, man yana ciki amma ko ɗigo ba ka gani. Sai Inna ta juye a turmi, ta ɗebo ruwan zafi a moɗa, ta riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya. Can sai ka ga tunkuza ta haɗe jikinta, mai ya taso yana ƙyalli. Ran nan garin ƙiriniya na zuba mata ruwan randa, na sha ranƙwashi, ta ce gyaɗa ba ta sakin mai sai da ruwan da take so. Shekara ashirin bayan wannan ranƙwashi na tsinci kaina a wata jami'a a bakin Tekun Fasha, ina neman digiri na biyu a kan wannan magana tata, sai dai dutse ne a gabana maimakon gyaɗa.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka man fetur tafki ne a ƙarƙashin ƙasa, a zura bututu a zuƙo. Ni ma haka na zata sai da na shiga aji. Ashe a cikin dutse yake, a 'yan kafofi ƙanana waɗanda yawancinsu ido ba ya gani, kamar yadda ruwa yake zama a cikin soso. Duwatsun da ke riƙe da mai kuwa dangi biyu ne manya. Akwai dutsen yashi, irin wanda ke riƙe da man Neja Delta. Akwai kuma dangin alli da farar ƙasa, waɗanda masana ke kira kabonet, wato irin dutsen da ake fasawa a Kalambaina da Ashaka ana yin siminti. Asalinsa ɓawo ne da ƙasusuwan ƙananan halittun teku da suka mutu suka taru shekaru miliyoyi. Fiye da rabin man da duniya ta sani yana cikin wannan dangi na biyu, kuma mafi yawansa a Gabas ta Tsakiya. Filin Ghawar na Saudiyya (a kula da harafin h, ba gawa nake nufi ba), wanda aka gano a 1948, tsawonsa ya kai kilomita 280, ya fi nisan Kano zuwa Kaduna, man nasa kuwa a irin wannan dutse yake.

Abin da ya ba ni mamaki ran da na fara jinsa shi ne, in aka duba filayen mai na duniya gaba ɗaya, abin da ake iya fitarwa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran yana nan maƙale, ana rufe rijiya a bar shi. Da farko man yakan taso da ƙarfin kansa. In ƙarfin ya ragu sai a haƙa wasu rijiyoyi a gefe, a riƙa ɗura ruwa yana tura man zuwa rijiyar ɗiba. A Saudiyya, masana'antar tace ruwan teku ta Qurayyah tun 1978 take tura miliyoyin gangunan ruwa kowace rana zuwa Ghawar da wasu filaye. Shekara da shekaru injiniyoyi suna kallon wannan ruwa a matsayin sandar kora kawai. Muddin ba zai toshe rijiya ba, ba wanda ya damu da abin da ke narke a cikinsa.

To, dutsen alli yana da hali biyu masu wahalar da mutane. Na farko, yana son mai. Ku ɗiga ruwa a kan farantin da aka ci abu mai maiƙo, za ku ga ruwan ya dunƙule yana gangarawa. Ku ɗiga a kan sabuwar tukunyar ƙasa, nan take za ta shanye. Yawancin dutsen alli mai riƙe da mai ya fi kama da farantin nan. Dalili kuwa, fuskar dutsen tana ɗauke da cajin lantarki irin na kan batir mai alamar tarawa, a cikin ɗanyen mai kuma akwai wasu sinadarai masu tsami masu cajin ɗebewa. Tarawa da ɗebewa kuwa sai su rungumi juna, kuma sun yi shekaru miliyoyi a rungume. Hali na biyu, dutsen yana yawan tsagewa. In ka ɗura ruwa sai ya bi tsaga ya wuce abinsa kamar ruwan sama a kwalbati, ya fito ta ɗaya rijiyar, ya bar man a cikin tsokar dutse. Ba yadda za ka yi sai in dutsen da kansa ya yarda ya sha ruwan kamar sabuwar tukunya, ya tofar da man.

Wurin da aka fara zargin cewa ruwa ya wuce sandar kora shi ne Ekofisk, wani fili a Tekun Arewa, ɓangaren ƙasar Nowe, wanda aka gano a 1969. Dutsensa alli ne tsantsa mai yawan tsaga. Da farko an ƙiyasta kashi 17 cikin ɗari kawai za a samu. A 1987 aka fara ɗura masa ruwan teku, ba tare da an sa rai da yawa ba, sai ga mai yana ta fitowa, har ƙiyasin ya haura kashi 50. Wani ɓangare na wannan albarka ya zo ne daga dannewar da allin yake yi yana matse man, har ƙasan tekun ya lotsa aka ɗaga dandamalan haƙa da mita 6 a wannan shekara ta 1987. Amma Farfesa Tor Austad na Jami'ar Stavanger da ɗalibansa sun nuna akwai wani abu kuma. Ruwan teku yana da salfet, wanda ruwan da ke kwance cikin dutsen kusan ba shi da shi. Salfet mai cajin ɗebewa ne, sai ya je ya lafe a fuskar allin ya rage mata caji. Wannan ya buɗe hanya ga kalsiyam da maginiziyam su matso su kama sinadaran nan masu tsami su ɓamɓare su. Sun kuma gano abin ba ya tafiya sosai sai da zafi, Ekofisk kuwa zafinsa ya kai digiri 130. Ran da na karanta wannan na tuna moɗar Inna, na yi dariya ni kaɗai a laburare har wani ya waiwayo.

A can Amurka kuma, Norman Morrow da abokan aikinsa a Jami'ar Wayomin sun nuna tun shekarun 1990 cewa a dutsen yashi rage gishirin ruwa yana ƙara fitar da mai. An daɗe ana cewa wannan ba zai yi aiki a dutsen alli ba, don ba shi da laka irin wadda ake ganin ita ce sirrin. Sai a 2010 masu bincike na kamfanin Saudi Aramco, Ali Yousef da 'yan'uwansa, suka fito da gwajin da ya tada ƙura. Ruwan da ke cikin dutsensu yana da gishiri fiye da giram 200 a kowace lita, ruwan tekun da suke ɗurawa kuma kimanin giram 57. Suka ɗura ruwan teku har mai ya daina fita, sannan suka sirka shi da ruwan daɗi rabi da rabi, sai ga mai. Suka sirka ninki goma, sai ga wani. A ninki ashirin ɗan kaɗan ya fito, a ninki ɗari shiru. Jimillar ƙarin ta kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na man da ke cikin dutsen. Ku auna wannan da girman Ghawar, za ku gane abin da ya sa kowace jami'a a yankin ta sa ɗalibanta surka ruwa. Ni ma cikin ayarin na faɗo.

Aikin nawa ga yadda yake. Za a ba ka guntun dutse da aka yanko daga cikin rijiya, mulmulalle, kaurinsa santimita 3.8, tsawonsa kamar 5, bai kai gwangwanin madara ba. Ka wanke shi da sinadarai kwana da kwanaki, ka busar, ka cika shi da ruwan gishiri mai kauri irin na ƙarƙashin ƙasa, sannan ka tura masa ɗanyen mai har ya ƙoshi. Nawa ya sha mililita 9, wato bai cika cokalin shayi biyu ba. Daga nan ka kulle shi a tanderu mai zafin digiri 90 har mako huɗu, don man ya kama jikinsa kamar yadda yake a asali. Sai bayan duk wannan za ka sa shi a cikin bututun ƙarfe, ka kunna famfo, ka zauna kana kallon abin da ke ɗiga cikin 'yar kwalba mai zane-zanen awo. Babana da na kwatanta masa a waya ya yi shiru, can ya ce, "Wato duk kuɗin jirgin nan wankin dutse ka tafi?"

Lokacin da na kai ga kunna famfo, wata huɗu ya rage sukolashif ɗina ya ƙare, a gida kuma an riga an sa ranar aurena. Na ɗura ruwan teku a hankali, mililita 0.1 a minti ɗaya, kwana biyu. Mai ya fito har mililita 5.4, sannan ya tsaya cik. Daren Alhamis na canza zuwa ruwan da na sirka ninki goma. Ɗakin gwaje-gwaje ba kowa sai ni da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Wajen ƙarfe biyu na dare na ga wani baƙin ɗigo ya leƙo bakin bututu, ya yi lilo, ya faɗa. Wani ya biyo shi. Kafin asuba layin mai ya hau da mililita 0.8, abin da bai wuce ɗigo goma sha shida ba in da a ce da abin ɗiga maganin ido aka auna. Amma in ka raba da 9, kusan kashi 9 cikin ɗari ke nan, daidai da abin da manya suka samu. Jama'a, na yi rawa a ɗakin nan, ni da ban taɓa rawa ko a bikin Makon Hausa ba.

Farfesan da ke duba aikina ya yi murna ƙwarai. Ya dafa kafaɗata, ya ce in fara rubutu, akwai taron masana da za a yi, zai sa sunana a gaba. Na buga waya gida na ce a ci gaba da shiri, ina nan tafe a kan lokaci.

Ina cikin kwafe alkaluma daga littafin da nake rubuta komai na ɗakin gwaji, sai idona ya faɗa kan wani layi da hannuna ya rubuta a daren nan: famfo, 0.5. Nan na tuna. Da na canza ruwa, na ga dare ya yi, ina so sabon ruwan ya yi saurin isa dutsen, sai na murɗa famfon ninki biyar, da niyyar in mayar bayan minti goma. Ban mayar ba. Gabana ya faɗi, don na san abin da wannan yake nufi, an koya mana a aji. A irin wannan ɗan guntun dutse mai son mai, man yakan taru a bakin fita ya maƙale, kamar ɗigon da ke rataye a bakin buta ya ƙi faɗuwa. In ka ƙara wa famfo ƙarfi zai faɗo, ko da ruwan bai canza ba. Shi ya sa ƙa'ida ita ce, kafin ka canza ruwa sai ka ƙara ƙarfin famfo da tsohon ruwan har bakin ya wanke, ka dawo da shi yadda yake, sannan ka sa sabon. Ni kuwa na canza abu biyu a lokaci guda. Ɗigon nan goma sha shida, ba mai iya cewa nawa ne na ƙarancin gishiri, nawa ne na gaggawata.

Kwana tara na yi da wannan magana a cikina. Ba wanda ya sani, kuma ba mai buɗe littafin nan in ba ni ba. Na riƙa yi wa kaina huɗuba iri-iri. Na ce ai sakamakon ya yi daidai da na Aramco, ashe gaskiya ne ko da hanyar ta karkace. Na ce kowa ma haka yake yi. Na lissafa abin da sake gwaji zai ci: wanke dutse mako biyu, tanderu mako huɗu, ɗurawa mako guda, in komai ya tafi daidai. Na tuna katin gayyata da aka riga aka kai wa maɗaba'a, da bakin dangin amarya. Har reza na ɗauka ran nan na duba shafin, na ga in na yanke shi, na bayansa ma zai zare. Abin da ya fi damuna shi ne na san inda irin waɗannan alkaluma suke zuwa. Wani zai karanta ya haɗa da na wasu, wani ya zuba a kwamfuta, daga ƙarshe wani ya tsaya gaban masu kuɗi ya ce a gina masana'antar cire gishiri ta miliyoyin daloli. Ɗigona ba shi kaɗai zai sa a yi haka ba, amma yana cikin tulin.

Ran na goma na ɗauki littafin na tafi ofishin Farfesa, na buɗe shafin na ajiye a gabansa, na kasa cewa komai. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Minti nawa?" Na ce har gari ya waye. Ya yi shiru abin da ya kai minti guda, sannan ya jawo kalanda ya fara ƙirga makonni da bakin biro. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Maganar taro dai ba a sake tada ta ba.

Waya zuwa gida ita ce mai wuya. Baba ya ce shi zai je ya sami waliyyin yarinya da kansa, amma in sani na sa shi jin kunya. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ta ce, "Kai ɗan nan, dutsen ne ya ƙi?" Na ce a'a Inna, ni ne na yi hanzari. Ta ce, "Uhm," irin uhm ɗin da na sani tun zamanin ruwan randa. Aka ɗaga biki da wata biyu. Watan ƙarshe da kuɗin da na ranta a wurin wani abokina ɗan Indunusiya na ci abinci.

Da na sake gwajin bisa ƙa'ida, ƙara ƙarfin famfo da ruwan teku kaɗai ya fitar da mililita 0.5. Da na dawo da famfon na sa ruwan da aka sirka, sai na jira. Ya zo, amma a makare, kuma mililita 0.3 ne, ɗigo shida, wato kashi 3 cikin ɗari da 'yan kai. Guntu na biyu, wanda aka yanko daga wani zurfi dabam na rijiya ɗaya, ko ɗigo bai bayar ba. Da muka bincika sai muka ga na farkon yana da ɗan jirwayen wani ma'adini mai suna anhaidarait, wanda in ruwa mai ƙarancin gishiri ya taɓa shi yakan narke ya saki salfet. Na biyun ba shi da shi. Kundina ya koma kan wannan bambanci, kuma a ganina ya fi wanda na so rubutawa da farko, ko da yake ba wanda ya gayyace ni taro a kansa.

Har yanzu masana ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba. Wasu na riƙe da maganar salfet, wasu sun ce rage gishiri yana canza cajin dutsen da na man har su ture juna, wasu sun ce fuskar dutsen ce take ɗan narkewa, wasu kuma sun ce a duba man kansa, don wani ɗanyen mai yana amsa ruwan daɗi wani ba ya amsawa. Ni dai abin da guntayena biyu suka nuna mini shi ne, duk wanda ya ce muku ruwa mai ƙarancin gishiri yana ƙara kashi kaza a dutsen alli, ku tambaye shi wane dutse, wane mai, wane zafi. Aramco sun kai gwajin har cikin rijiyoyi na gaske sun kuma ba da rahoton ya rage man da ke maƙale, amma tsakanin kewayen rijiya ɗaya da fili mai tsawon kilomita 280 akwai tafiya. Ruwan da ka sirka zai gauraya da mai gishirin da ya tarar tun bai yi nisa ba. Salfet ɗin da ake yabo, in ya haɗu da bariyam sai ya zama tsatsa mai tauri ya toshe bututu, wasu ƙwayoyin halitta kuma suna cinsa su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kisa. Ga shi ƙasashen da suka fi dutsen alli su ne suka fi ƙarancin ruwan daɗi. Ruwan da mutanen garin da na zauna suke sha ma daga teku ake tace shi da tsada, na kuwa sha tsayawa da kwalbar ruwan gwaji a hannu ina tunanin ganga miliyan nawa za a tura ƙarƙashin ƙasa.

Bayan biki da kwana uku na shiga gida gaida Inna, na tarar ta kafa turmi. Ta tsufa, yanzu jikokinta ne ke juya taɓarya, amma moɗa ba ta ba kowa. Na nuna mata hoton guntun dutsen a waya, da 'yar kwalbar da layin mai. Ta kai fuskarta kusa ta duba, ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya ɗaga mana biki?" Na ce shi ne. Ta tambaya ko dutsen yana yin tunkuza in an gama, na ce a'a, wankewa ake yi a ba wani ɗalibi. Ta girgiza kai, ta tsoma yatsa a moɗa, ta ce da ƙanwata ruwan nan ya huce, a mayar kan wuta.